Safar da Na Sa wa Ƙararrawa

A tsibirinmu na Faro,
inda ciyawa ke tsiro a kan rufin ɗaki,
tumaki sun fi mutane yawa,
akwai wata ƙararrawa a bakin teku.
Ba ta coci ba ce, ba ta makaranta ba,
ta samudawa ce.

Tsoho Brandur ke riƙe da igiyarta.
In tunkiya ta ɓata, samudawa ne.
In madara ta yi tsami kafin hantsi, samudawa ne.
Ranar da kwalekwalen Eyvind ya tsage,
kowa ya san ƙusoshinsa sun ci tsatsa,
amma Brandur ya nuna dutsen arewa da haɓa,
aka ce, to, ai da ma.

An ce da ƙashin yara suke sakace.
An ce numfashinsu na kashe kifi a ruwa.
Na tambayi Brandur ko ya taɓa ganin ɗaya.
Ya ce, "Sunnva, wanda ya gani ba ya dawowa ya faɗa."
Na ce, "To kai wa ya faɗa maka?"
Ya murɗe mini kunne.

Ina shekara tara ɗan ragona ya ɓace.
Na bi sawunsa, na hau, na hau,
har gidajenmu suka koma ƙwayar sha'ir.
Na samu wani tudu mai ɗumi na zauna.
Tudun ya kurma ihu.

Ashe gwiwa ce. Gwiwar yaro.
Haƙoransa biyu na gaba sun fita kamar nawa,
sai dai giɓinsa zai ɗauki ƙofar gidanmu.
Ya manne da dutse yana karkarwa,
tsakuwa na gangarowa ta ko'ina.

"Kar ki shiga kunnena," in ji shi.
"Inna ta ce ku 'yan mitsi-mitsin nan
kunne kuke shiga ku yi ƙwai,
da wuta kuke yawo a aljihu,
kuma wannan ƙarfen naku mai kuka
shi ya kurmantar da kakana."

Na yi dariya har na faɗi.
Sai na tuna zancen sakace, na yi shiru.

Hallur ne sunansa.
Ɗan ragona na barci a tafinsa,
a bakin rami ya tsince shi, sanyi ya kusa gamawa da shi,
kwana biyu yana hura masa ɗumi
da numfashin nan mai kashe kifi.

Na ba shi busasshen kifin guzurina,
ya ɓace a giɓinsa, bai ko ji ɗanɗano ba,
amma ya ce ya gode.
Ya ba ni maɓallin rigarsa, na kasa ɗagawa.
Yana can har yanzu, gansakuka ta rufe shi.

Da na sauko na ba da labari.
Mahaifiyata ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne.
Eyvind ya ƙirga mini yatsu, ya sake ƙirgawa.
Brandur ya ce, "Kiwo yake, jira yake ki yi ƙiba."
Shi ma Hallur, daga baya na ji,
sau bakwai aka wanke masa hannu da ruwan ƙanƙara,
aka leƙa kunnensa da fitila.

A daren na hau hasumiya a sace,
na tuɓe safar ulu ɗaya, wadda kakata ta saƙa,
na zura wa harshen ƙararrawa.

Da safe inuwa ta gifta kan gari.
Brandur ya ja igiya da ƙarfinsa duka.
Ba amo, sai dif, dif, kamar bugun zuciya.
Ya juyo ya ce, "Kun gani ko?
Yanzu har muryarta sun cinye."

Mutane suka gyaɗa kai.
Ni kuwa ina tsaye, ƙafa ɗaya na shan sanyi,
ina kallon dutsen arewa,
inda wani hannu mai faɗin rufin coci
ya ɗago kaɗan ta bayan gajimare,
ya yi maza ya ɓuya
kafin innarsa ta gani.